Tsarin gari da lafiyar jiki: abin da binciken masana ya gano, da inda ya shafi garuruwanmu

Idan likita ya ce wa mai hawan jini ko ciwon sukari ya riƙa tattaki, shawarar tana da sauƙin faɗi. Aiki da ita ya danganta da abin da mutum zai tarar idan ya fito ƙofar gida: ko akwai gefen hanya da zai bi, ko akwai inuwa, ko kasuwa da makaranta suna kusa, ko zai iya tsallaka kwalta ba tare da babur ya kaɗe shi ba. Shekaru kusan 30 ke nan masana lafiyar al'umma da masana tsara birane suna aiki tare a kan wannan batu. Ga abin da suka gano, da yadda suka gano shi, da kuma abin da ya shafi Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa.

Motsa jiki nawa ake buƙata?

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, a ƙa'idojin da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. Matsakaici shi ne wanda zai sa numfashi ya ɗan hau amma mutum yana iya magana, kamar tafiya da sauri, tuƙa keke ko aikin gona marar tsanani. Yara daga shekara 5 zuwa 17 kuwa suna buƙatar kimanin minti 60 a rana.

Alƙaluman da hukumar ta bayyana a 2024 sun nuna cewa a shekarar 2022, kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato mutum biliyan 1 da miliyan 800, ba su kai wannan mizani ba. Mata sun fi maza: kashi 34 cikin 100 a kan kashi 29. Rashin motsa jiki yana ƙara haɗarin ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari da wasu nau'o'in ciwon daji.

Minti 150 a mako minti 30 ne a rana har kwana 5. Wanda yake zuwa wurin aiki da ƙafa, minti 15 zuwa, minti 15 dawowa, ya cika mizanin ba tare da ya shiga filin wasa ba. Daga nan ne tsarin gari ya shigo cikin maganar lafiya.

Asalin binciken

Haɗa taswirar gari da cuta tsohon abu ne. A 1854 cutar kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a unguwar Soho ta birnin Landan. Likita John Snow ya bi gidajen mamatan yana sa alama a taswira, ya ga sun taru kewaye da famfon ruwa guda a titin Broad Street. Hukumar unguwa ta cire hannun famfon. Ana ɗaukar wannan aiki a matsayin ɗaya daga cikin tushen ilimin bin diddigin cututtuka.

Maganar motsa jiki kuwa sai kusan shekara 100 bayan haka. A 1953 Jeremy Morris ya wallafa a mujallar The Lancet binciken da ya yi a kan ma'aikatan sufurin Landan kimanin 31,000. A motocin bas masu bene, direba yana wuni a zaune, mai karɓar kuɗi kuma yana wuni yana hawa da sauka a matakala. Mota ɗaya suke ciki, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi nesa ba kusa ba. Darasin da aka ɗauka shi ne motsin da mutum yake yi cikin harkarsa ta yau da kullum yana kare zuciya.

Abin da ake aunawa a unguwa

A 1997 Robert Cervero da Kara Kockelman sun yi nazarin unguwannin yankin San Francisco a Amurka, suka fito da abubuwa uku da ke tasiri a kan yadda mutane suke zirga-zirga. Daga baya an ƙara biyu, suka zama biyar.

Na farko shi ne yawan jama'a a fili. Inda gidaje suke kusa da juna, shago da makaranta suna samun masu zuwa, don haka sukan kafu a kusa.

Na biyu shi ne cakuɗuwar harkoki: gidajen kwana, shaguna, wuraren sana'a, makaranta da wurin ibada a unguwa guda. Unguwar da gidaje ne zalla tana tilasta wa mazauninta hawa abin hawa ko don sayen gishiri.

Na uku shi ne yadda aka shata tituna. Masana suna ƙirga mahaɗar hanyoyi a kowace murabba'in kilomita. Inda mahaɗa suke da yawa, mai tafiya yana da hanyar yanke. Inda doguwar katanga ta tare ko lungu ya toshe, tafiyar mita 300 takan koma kilomita guda.

Na huɗu shi ne kusancin wuraren da ake zuwa kullum, na biyar kuma nisan tashar motar haya daga gida. Mai hawa motar haya yana takawa zuwa tasha, yana takawa daga tasha, kuma duk yana shiga lissafi.

Don auna waɗannan abubuwa, ana amfani da taswirar kwamfuta, da tambayoyin da ake yi wa mazauna unguwa, da wata ƙaramar na'ura da ake ɗaurawa a ƙugu tana lissafa motsin jiki har tsawon mako. Na'urar ta fi tambaya aminci, domin mutane sukan ƙara gishiri idan aka tambaye su yawan tafiyarsu.

Manyan binciken da ake kafa hujja da su

A 2004 Lawrence Frank da abokan aikinsa sun yi nazarin mutum kusan 11,000 a Atlanta, birnin da ya bazu ƙwarai kuma kusan kowa yake dogaro da mota. Sun gano cewa kowace awa guda da mutum ya ƙara a cikin mota a rana tana tafiya da ƙarin kashi 6 cikin 100 na yiwuwar ƙiba mai yawa. Kowace kilomita guda da aka taka a rana kuma tana tafiya da raguwar kusan kashi 5 cikin 100.

Binciken da ya fi faɗi shi ne wanda James Sallis ya jagoranta, aka wallafa a The Lancet a 2016. An ɗaura wa baligai 6,822 na'urar auna motsi a birane 14 na ƙasashe 10, ciki har da Bogota, Hong Kong, Gent ta Beljiyam da Seattle ta Amurka. Abubuwa huɗu suka fito fili: yawan gidaje a fili, yawan mahaɗar hanyoyi, yawan tashoshin motar haya, da yawan lambunan shaƙatawa. Tazarar da ke tsakanin mazaunan unguwanni mafiya dacewa da tafiyar ƙasa da mazaunan mafiya rashin dacewa ta kai minti 68 zuwa 89 a mako. Wannan kusan rabin mizanin OMS ke nan, kuma an ga alaƙar a birane masu arziki da masu ƙaramin ƙarfi.

A kudancin Ontariyo ta Kanada an bi unguwanni fiye da 8,700 daga 2001 zuwa 2012. A unguwannin da suka fi sauƙin tafiyar ƙasa, sababbin masu kamuwa da ciwon sukari sun ragu daga 7.7 zuwa 6.2 cikin kowane mutum 1,000. A unguwannin da suka dogara da mota ba a ga irin wannan raguwa ba, yawan masu ƙiba ma ƙaruwa ya yi.

A 2017 Tim Althoff da wasu masana na jami'ar Stanford sun tattara lissafin takun da wayoyin salula suka yi wa mutum fiye da 700,000 a ƙasashe 111. Matsakaicin ya kama kusan taku 5,000 a rana. Abin da ya fi jan hankali shi ne giɓin da ke tsakanin masu takawa da yawa da masu takawa kaɗan a cikin ƙasa guda, wanda wani babban kaso nasa giɓi ne tsakanin maza da mata. A biranen da tafiyar ƙasa take da sauƙi, giɓin yana raguwa.

Unguwa ce ke sa tafiya, ko masu son tafiya ne ke zaɓar unguwar?

Wannan ita ce babbar sukar da aka daɗe ana yi wa irin waɗannan bincike. Mai son tattaki yana iya neman gida a inda tattaki yake da daɗi, sai a ga kamar unguwa ce ta canza shi alhali da halinsa ya zo.

Don warware wannan, masana suka koma bin mutane kafin su tashi daga gida da bayan sun tare a sabo. A birnin Perth na Ostireliya, ƙungiyar Billie Giles-Corti ta fara bin mutum kimanin 1,800 masu komawa sababbin unguwanni tun 2003. Waɗanda suka koma inda shaguna da tashoshi suka yi nisa sun rage tafiya, waɗanda suka samu ƙarin wuraren zuwa a kusa kuma sun ƙara. A 2025 Althoff ya sake wallafa wani bincike a mujallar Nature a kan mutum fiye da 5,000 da suka canza gari a cikin Amurka. Wanda ya tashi daga garin da tafiyar ƙasa take da wuya zuwa inda take da sauƙi ya ƙara kimanin taku 1,100 a rana. Wanda ya yi ƙaura ta ɗaya ɓangaren ya rage kwatankwacin haka. Zaɓin mutum yana da nasa tasiri, amma na wurin zama ma tabbatacce ne.

Inuwa, iska da ƙara

Tsarin gari yana taɓa lafiya ta wasu hanyoyi ban da tafiya. Birnin Barselona na Sifaniya ya fara a 2016 haɗa rukunin gidaje tara wuri guda, a mayar da zirga-zirgar motoci zuwa titunan kewaye, a bar na ciki ga masu tafiya da yara. Masanan cibiyar ISGlobal sun yi lissafin abin da zai faru idan aka yi irin wannan rukuni 503 a duk birnin. Ƙiyasinsu, wanda aka wallafa a 2020, shi ne za a kauce wa mutuwar mutum 667 a shekara: 291 saboda raguwar hayaƙin motoci, 163 saboda raguwar ƙara, 117 saboda raguwar zafi, 60 saboda ƙarin tsirrai, 36 saboda ƙarin motsa jiki. Wannan lissafi ne na hasashe, ba ƙidayar abin da ya riga ya faru ba ne. Duk da haka ya nuna cewa kaso mafi girma na ribar yana cikin iskar da ake shaƙa.

Kwalta, siminti da rufin kwano suna shan zafin rana su sake shi da dare, shi ya sa tsakiyar gari ya fi karkarar da ke kewaye da shi zafi. Wani bincike da The Lancet ta wallafa a 2023 a kan birane 93 na Turai ya danganta mutuwar mutum kimanin 6,700 a lokacin zafin 2015 da wannan ƙarin zafi na cikin gari. Masanan sun ƙiyasta cewa da inuwar itatuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na biranen, da an kauce wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mace-macen. Masanin itatuwan birni Cecil Konijnendijk ya taƙaita shawararsa a lambobi uku, 3-30-300: kowa ya iya hango itace 3 daga gidansa, inuwa ta rufe kashi 30 cikin 100 na unguwa, lambun jama'a kuma kada ya wuce nisan mita 300.

Wasu birane sun gwada dabarun da ba sa cin kuɗi da yawa. Tun 1974 Bogota ta fara rufe manyan tituna ga motoci ran Lahadi, yanzu kuma fiye da kilomita 120 ake rufewa daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana don masu keke da masu tafiya. A Faransa, Carlos Moreno na jami'ar Sorbonne ya yaɗa tunanin birnin minti 15, wato mutum ya samu kasuwa, makaranta, asibiti da wurin hutawa cikin tafiyar minti 15 da ƙafa ko keke. Anne Hidalgo ta sa shi cikin yaƙin neman zaɓenta na magajin garin Paris a 2020.

Afirka: inda tafiya ta zama dole

A cikin birane 14 na binciken Sallis babu na Afirka ko ɗaya. Yawancin hujjojin da aka ambata a sama sun fito ne daga ƙasashen da mota ta riga ta mamaye, inda ake neman dabarar fito da mutane daga cikinta. A nahiyarmu lamarin ya sha bamban. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya masu kula da muhalli da matsugunai suka fitar a 2022 ya ce fiye da mutum biliyan 1 a Afirka suna tafiya da ƙafa ko keke kowace rana, kusan minti 56 a matsakaici. Yawancinsu ba don lafiya suke yi ba, kuɗin mota ne babu.

Wannan tafiya tana da tsada ta wata fuska. Rahoton OMS na 2023 ya ce haɗarin hanya yana kashe mutum miliyan 1 da dubu 190 a shekara a duniya, fiye da rabinsu masu tafiya da ƙafa, masu keke da masu babur ne. Yankin Afirka ne kan gaba, da kimanin mutum 19 cikin kowane 100,000, duk da cewa shi ne mafi ƙarancin motoci. Gudu shi ne babban abin da ke raba rauni da mutuwa, shi ya sa taron ministocin duniya na Stockholm a 2020 ya ba da shawarar kada a wuce kilomita 30 a awa a inda motoci suke cakuɗuwa da masu tafiya.

Daga cikin masanan da suka kawo wannan fanni yankinmu akwai Adewale Oyeyemi, wanda ya yi aikinsa a jami'ar Maiduguri. A 2011 shi da abokan aikinsa sun fassara takardar tambayoyin auna motsa jiki ta ƙasa da ƙasa zuwa Hausa, suka gwada ingancinta. A 2016 sun fitar da wata takardar auna yanayin unguwa da aka gyara don Afirka, tare da masana daga ƙasashe 7, ciki har da Najeriya, Kamaru da Ghana. Gyaran ya zama dole, domin tambayar da ta dace da unguwar Seattle ba ta san hanyar ƙasa, buɗaɗɗiyar kwata ko masu talla a bakin titi ba. Binciken da suka yi a Maiduguri ya nuna cewa tsaro, tsabtar unguwa da kusancin wuraren saye da sayarwa suna da alaƙa da motsa jiki da nauyin jikin mazauna.

Garuruwan Nijar

A 1996 masana sufuri na Liyon, Lourdes Diaz Olvera, Didier Plat da Pascal Pochet, sun yi binciken zirga-zirgar iyalai a Yamai. Kusan tafiya 7 cikin 10 da ƙafa ake yin ta. Tun daga lokacin garin ya faɗaɗa ƙwarai, ƙidayar 2012 ta samu fiye da mutum miliyan 1 a cikinsa, babura masu araha sun cika tituna, kabu-kabu da adaidaita kuma sun zama abin hawan yau da kullum a Maraɗi da Damagaram. Wanda ya samu hali yana barin tafiyar ƙasa nan take, kuma ba abin zargi ba ne: a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, gefen kwalta rairayi ne ko rumfunan ƴan kasuwa, da damina kuma ruwa yana kwanciya a hanya.

Idan aka auna tsofaffin unguwanninmu da mizanin masana, suna da abubuwa da yawa da ake nema. Birni da Zango a Damagaram suna da gidaje kusa da juna, lunguna masu haɗuwa, masallaci da mai shago a kowane saƙo, katangun ƙasa kuma suna jefa inuwa a lungu safe da yamma. Maraɗi tana da nata tarihin. Bayan ambaliyar Gulbi ta 1945 an tayar da garin daga kwari zuwa tudu, aka shata shi da miƙaƙƙun tituna masu ratsa juna kamar gidan dara. Mahaɗa suna da yawa, wanda abu ne mai kyau ga mai tafiya, amma faffaɗan titi ba ya da inuwa sai an dasa masa ita.

Matsalar ta fi fitowa a sababbin unguwannin bakin gari, inda ake yanka filaye a sayar kafin makaranta, kasuwa, ruwa da motar haya su iso. Mazaunin irin wannan wuri ko dai ya sayi babur, ko ya yi doguwar tafiya cikin rana. Yara, tsofaffi da mata, waɗanda ba su cika riƙe makullin babur ɗin gida ba, su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Filayen da aka keɓe wa jama'a a taswira, idan aka karkatar da su zuwa gine-gine, ba sa dawowa. Dajin dogon yaro da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, wanda aka tsara zai kai kimanin eka dubu 6, wato hekta 2,500, gine-gine da sara sun ci babban ɓangarensa.

Abin da binciken yake nunawa ga masu mulkin gari

Idan aka haɗa sakamakon, abubuwan da ke fitowa ba su da yawa, kuma mafi yawansu suna hannun ma'aikatun magajin gari.

Duk titin da za a yi wa kwalta ko pabe a yi masa gefen masu tafiya, a kuma hana mayar da shi wurin ajiye motoci. A rage gudu a gaban makarantu, kasuwanni da asibitoci da tudun rage gudu da wurin tsallakawa, domin allon gargaɗi kaɗai ba ya tsayar da direba. A dasa itatuwa a layi a kan hanyoyin da jama'a suke bi, a tanadi mai ba su ruwa da kariya daga awaki har su kafu, tun da dashen ranar 3 ga Agusta ba ya zama inuwa sai itacen ya tsallake rani biyu ko uku. A rufe kwatoci, a kwashe shara, a sa fitilu, saboda a ƙasa mai zafi irin tamu da asuba da bayan magariba ne mutane suke iya tattaki. A lokacin yanka sabuwar unguwa kuma a tsayar da filin makaranta, na kasuwa da na wasa tun a takarda, a kare su.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi wuyar gyarawa idan aka yi kuskure. Ana iya dasa itace bayan shekara goma, ana iya ƙara fitila, amma titin da aka shata da gidan da aka gina suna zama. Mutanen Maraɗi har yau a kan layukan da aka ja bayan 1945 suke tafiya, kuma unguwannin da ake yankawa bana a bakin Yamai, Tawa da Damagaram su ne jikokinmu za su taka.